Malamin Ƙaramar Sakandare: Shirinsa a Jojiya da Shirinsa a Gida

A Amurka, yaron da ya gama firamare yakan wuce makarantar tsakiya ne, galibi aji 6 zuwa 8, inda ake tara 'yan shekara 11 zuwa 14. Kusan daidai take da ƙaramar sakandarenmu ta Nijeriya, wadda ta zo da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Shekarun yaran kusan ɗaya ne, ƙiriniyarsu ma ɗaya ce. Inda aka raba hanya shi ne wajen shirya wanda zai tsaya a gabansu.

Lasisin koyarwa a Amurka ba na tarayya ba ne, kowace jiha da nata. A Jojiya, inda nake zaune, akwai lasisi na musamman ga mai koyar da aji 4 zuwa 8. A Karolina ta Arewa kuwa 6 zuwa 9 ne. A Jojiya, ɗalibi zai yi digiri na shekara huɗu, ya ƙware a fanni biyu, misali lissafi da kimiyya, ya ci jarrabawar jiha mai suna GACE, a binciki ko yana da tabon laifi. Lasisin ma sai an sabunta shi duk shekara biyar.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake karantar da ɗalibin halin yaron da ke bakin balaga: me ya sa wanda jiya yake ɗaga hannu yau ya koma kujerar baya ya yi gum, me ya sa tsawa a gaban 'yan aji take mayar da shi ɗan tawaye. Tun 1963 masanin ilimi William Alexander ya yi kira a Jami'ar Cornell cewa waɗannan shekaru na buƙatar makaranta tasu da malamai nasu.

A takarda, Nijeriya ba ta baya. NCE ta shekara uku ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ɗalibinta ma kan haɗa fanni biyu, hukumar TRCN da aka kafa a 1993 tana yi wa malamai rajista, kuma akwai zangon koyon aiki. Bambancin yana cikin ajin ne.

A Jojiya, mai koyon aiki yakan shafe zangonsa na ƙarshe a ajin gogaggen malami guda. Makonnin farko kallo ne nasa da raba takardu. Sannan a ba shi darasi ɗaya, a ƙara masa wani, har ya riƙe yinin gaba ɗaya, mai ajin yana zaune a baya yana rubutu. Da an tashi, su zauna: wane yaro ka bari a baya, wace tambaya ce ta kashe ajin? A gida kuwa, sau da yawa zuwan 'yan koyon aiki hutu ne ga mai aji. Ya miƙa alli da manhaja, ya koma ofishin malamai. Mai duba aiki daga kwaleji ya zo, ya leƙa littafin tsara darasi, ya ba da maki, ya wuce makaranta ta gaba. Wanda bai iya iyo ba, an jefa shi kogi an juya baya.

Ba wai Amurka aljanna ce ba. Yawanci ba a biyan mai koyon aiki ko sisi, ga kuɗin makaranta a wuyansa, kuma ƙarancin malaman lissafi da kimiyya ya sa jihohi da dama suna ba da lasisin wucin gadi ga waɗanda ba su kammala horo ba.

Duk da haka, abin koyin ba ya buƙatar sabon gini. Kwalejojin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) za su iya zaɓen gogaggun malamai a kowace ƙaramar sakandare, a ba su ɗan alawus, a wajabta musu zama cikin aji, a kuma sa rahotonsu cikin makin mai koyon aikin.