Delta da Garkar Albasa

A Matamai, duk ɗalibin lise da ya kai ga darasin lissafin da ake kira ekwasiyon mai daraja ta biyu ya san delta, wato wancan harafin Girkanci mai kusurwa uku. Ana rubuta Δ = b² − 4ac a allo, ƴan aji su maimaita da murya ɗaya kamar ƴan makarantar allo da safe. Hadda ba abin raini ba ce. Da ita kakanni suka riƙe ilimi. Amma almajiri in ya yi tuntuɓe a karatu, kunnensa na gaya masa. Ɗan lise kuwa yakan faɗa rami bai ji komai ba.

Haka ta faru ga wani yaro, ɗan mai noman rake da albasa a kwarin da ke bayan gari. Malamin lissafi ya ba su aikin gida: garka ce, tsawonta ya fi faɗinta da mita 10, filinta duka mita 39 murabba'i, a nemo faɗin. Yaron ya shirya lissafinsa daidai, x² + 10x − 39 = 0. Da ya zo ga delta sai ya manta cewa 39 ɗin na ɗauke da alamar ragi. Maimakon 100 + 156, ya rubuta 100 − 156, ya sami −56. Ya tuna dokar da aka haddatar da shi, cewa in delta ta gaza sifiri babu amsa, ya rubuta hakan da kyakkyawan Faransanci, ya ja layi da rula. Ke nan yaron da ya tashi cikin ban ruwan garka ya sa hannu cewa irin wannan garka ba ta yiwuwa a duniya.

Kuskuren alama ƙaramin abu ne, kowa na yi. Abin damuwa shi ne bai ji wani abu ya sosa masa rai ba, kuma ga jarrabawar bakaloriya tana jiransa a gaba.

Da la'asar malamin ya iske shi a bakin kwari. Bai ɗauko littafi ba, tsinke ya ɗauka, ya yi magana da Hausa. Ya zana fili mai gefe huɗu daidai a ƙasa, ya ce faɗin da ake nema ke nan. Ragowar tsawon, mita 10, ya raba biyu, ya jingina 5 a gabas, 5 a kudu. Sai ga wata kusurwa ta rage fanko.

"Nawa ne wannan gurbin?"

"Biyar sau biyar, Malam. Ashirin da biyar."

An haɗa da 39, ya zama 64, gefensa 8. A cire 5, saura 3. Faɗi mita 3, tsawo mita 13. Mahaifin yaron, wanda bai taɓa zama a benci ba, yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya ce ai fangali uku ne na albasa in an matsa.

Wannan zane ba ƙirƙirar malamin ba ce. Lissafin nan da lambobinsa, 10 da 39, suna cikin littafin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, zamanin Halifa al-Ma'amun. Daga kalmar al-jabr da ke cikin sunan littafin Turawa suka samo sunan wannan fanni. Babu harafi ko alama a cikinsa, zance ne zalla da zane, kuma babban kashi nasa a kan rabon gado da wasiyya yake. Haruffan x da a, b, c sun zo ne daga baya, a littafin Descartes na 1637. Delta da yaron ya kamata ya samu, 256, ba komai ba ce illa wancan fili na 64 sau huɗu. Amsa ta biyu da ƙa'idar ke bayarwa, −13, al-Khwarizmi ma ba ya karɓar irinta, kuma manomi zai ba shi gaskiya.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka lissafin lise bai sami kalmominsa na Hausa da kowa ya yarda da su ba. Malamin nan da kansa, da ya zo faɗin tushen 64, sai da ya ɗan yi jim, sannan ya ce "gefen fili". Wannan aiki ne da ke jiran malaman Hausa da na lissafi su zauna tabarma ɗaya, kuma har yanzu kowane na ɗakinsa.

Washegari yaron ya gyara takardarsa. A gefen delta ya zana ƙaramin fili da fensir, ya cike kusurwar da baƙi. Malamin ya duba, bai goge ba.