Adashin Barci

Kalmar jinya a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana jinya, mai yiwuwa shi ne a kwance, mai yiwuwa kuma shi ne a zaune a gefen wanda yake kwance. Na daɗe ina kawo wa ɗalibai wannan misali a aji, amma ban gane hikimar haɗa mutanen biyu a kalma guda ba sai a daminar 2022, lokacin da Allah Ya jarrabce mu da rashin lafiyar ɗanmu na uku, yana da shekara bakwai.

Abin ya faro ne kamar ciwon haƙori. Kumatunsa na hagu ya kumbura, haƙoran wajen suka soma girgiɗa, kafin mako uku fuska ta sauya kama. Maƙwabtanmu a Kagarawal kowa ya kawo tasa shawarar: wani ya ce hangum ne, wata ta ce a jiƙa sassaƙe, wata kuma ta raɗa wa uwarsa cewa a bincika, kada sammu ne. Da aka yanki tsoka aka auna a asibiti, likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne, irin wanda ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan da ya bayyana shi a Uganda a 1958. Ya ce ya fi kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana da saurin girma, amma yana jin magani in an fara da wuri kuma an cika zangon da aka yanka.

A makonni biyun farko ba mu rasa jama'a ba. 'Yan'uwa da abokan aiki da mutanen masallaci suka yi ta tururuwar dubiya, da kwanukan abinci da lemo da addu'a. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. Ban ga laifin kowa ba, domin dubiyarmu an gina ta ne a kan cutar kwana bakwai ko goma, wadda ko dai a tashi ko a yi ta'aziyya. Wannan kuwa ta watanni ce: a ɗura magani ta jijiya, yaro ya yi ta amai, gashi ya zube, jini ya yi ƙasa, a sallame ku, bayan 'yan makonni a sake komawa.

Ni ina kai da komo tsakanin aji da kantin magani da neman masu ba da jini. Uwarsa ce ke kwana a tabarma kusa da gado, idonta a kan robar ƙarin ruwa. Wata safiya na kai kunu, na tarar ta ƙone a hannu da ruwan filas ba ta ma kula ba, ta dube ni ta ce, "Malam, yau wace rana ce?" Kwananta tara ba ta yi barcin kirki ba. Duk wanda ya shigo jikin yaro yake tambaya. Ni kaina, da duk karatuna, ban iya ce mata komai ba sai ta yi haƙuri.

Wadda ta cece ta wata dattijuwa ce daga wajen Nafaɗa, mai jinyar jikanta a gadon da ke kallon namu, wadda ta shiga shekara ta biyu tana zarya. Ta ce mata, "'Yata, in kika faɗi, wa zai riƙe shi? Zo ki shiga adashinmu." Ashe mata huɗu ne suka shirya a tsakaninsu: daga sallar isha'i zuwa ƙarfe biyu, biyu su kwanta, biyu su tsare gadaje huɗu, su lura da ruwa, su kira nas in ya kusa ƙarewa, daga biyu zuwa asuba a yi musanya. Da rana kuma ɗaya takan fita ta yi wanka da wanki, sauran su riƙe mata. Zubin wannan adashi ido ne, kwasarsa barci. A daren farko matata ta yi awa biyar ba ta motsa ba.

Mu ma maza muna da namu zama a gindin wata bishiya a harabar asibitin. A can ake sanin wa ke da irin jinin wa, da kantin da ya fi rangwame, da abin da yaro ke iya haɗiya in bakinsa ya yi gyambo. A can ne kuma aka hana ni tafka kuskure mafi girma a rayuwata. Bayan zango na biyu kumburin ya sace sarai, kuɗi kuma sun ƙare, dangi na cewa tunda sauƙi ya samu a bar yaro ya huta da allura. Na faɗi haka a gindin bishiya. Wani manomi daga wajen Dukku ya yi shiru, can ya ce, "Malam, abin da kake shirin yi ni na riga na yi shi. Wata huɗu muka yi a gida, ga ta can ciki, yanzu ya shiga cikinta." Likita ya sha gaya mini wannan magana, amma sai a bakin wanda ya taka ƙayar ta shige ni. Na sayar da filina, muka koma.

Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma yanke magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai. A 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030. Talauci ne kan gaba wajen sa iyaye su gudu, amma na shaida da idona cewa gajiya da kaɗaici suna biye da shi. Shi ya sa a wasu ƙasashe iyaye suka haɗa kai: a Afirka ta Kudu sun kafa ƙungiyar CHOC a 1979, wadda ke da gidajen saukar iyayen da suka zo daga nesa, a 1994 kuma irin waɗannan ƙungiyoyi suka dunƙule a matakin duniya. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ta yara masu wannan ciwo ce.

Mu ba mu da ƙungiya, amma muna da gayya da adashi da zumunci tun kaka da kakanni. Ɗanmu ya cika zangonsa, ya koma makaranta, muna kai shi awo lokaci-lokaci. Jikan dattijuwar nan Allah Ya karɓi abinsa, kuma da muka je ta'aziyya ita ce ke tambayar ko matata tana samun barci. Tun daga ranar muka buɗe ɗakin baƙinmu a Kagarawal ga masu jinya na nesa, su zo su yi wanka, su shanya kaya, su miƙe ƙafa. Ranar Alhamis matata kan je ta zauna a gefen gadon ɗan wata.

Roƙona ga malamai da ɗalibai masu karanta wannan mujalla ƙarami ne. In za ku dubiya, bayan kun tambayi mai jiki, ku dubi wadda ke zaune a tabarma. Ku ce mata ta je ta kwanta, za ku tsare mata awa biyu, sannan ku dawo a wata na uku, lokacin da kowa ya ɗauke ƙafa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.