Sabo Turken Kunne

A cikin kiɗan Turawa akwai wani reshe na metal da masoyansa ke kira prog. Waƙa guda takan kai minti goma ko ma fiye, tana ta sauya taki, kuma makaɗanta ba ƴan koyo ba ne. Waɗanda suka kafa Dream Theater a 1985, alal misali, a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston suka haɗu. Amma abin da ya fi raba kan masu sauraron wannan kiɗa shi ne wuraren da makaɗan ke haɗa sautuka masu karo da juna da gangan. Kana cikin jin daɗi, sai gita biyu su kaure da faɗa, kamar ana jan kwanon rufi bisa siminti. Mutanen da suka iya kiɗa mai daɗi, mi ya kai su ga wannan? Kuma don mi wasu ke toshe kunne, wasu na maimaita wurin sau goma?

Bari mu fara da abin da ke faruwa a kunne. Tsirkiyar gita in an taɓa ta karkarwa take yi. Sautin da makaɗa ke daidaita kayansu da shi yana karkarwa sau 440 a sakan guda. In ka haɗa shi da mai 660, sai su zauna lafiya, don biyu bisa uku ne, lissafinsu ya faɗa daidai. In kuwa ka haɗa shi da maƙwabcinsa na kusa, mai wajen 466, sai su dinga taka ƙafar juna kamar sau 26 a kowane sakan, kunne ya ji wani gurnani mai kaushi. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya bayyana wannan tun 1863. Ke nan wanda ya ce wurin yana ƙaiƙayin kunne bai yi ƙarya ba. Yana yi. Makaɗin ma ya sani, shi ya sa ya saka shi.

A fadarmu, in na miƙa ma abokai salula suka saurari irin wannan wuri, kashi uku suke rabuwa. Na farko shi ne mai cire abin kunne nan take: "Kai malam, salularka ta lalace, kai ta wajen mai gyara." Wani ma har da a'uzubillahi. Na biyu shi ne mai gyaɗa kai tun kiɗan bai kai ko'ina ba, yana kallon na farko a wulaƙance: "Bar shi, kunnensa bai nuna ba tukuna." Na uku ba ya cewa komi. Sai ya ɓata fuska, ya ce: "Mayar mini baya kaɗan." Haka rabon yake har a ƙasashen da kiɗan ya fito, kuma tarihinsa ya nuna wani abu da ya kamata na farko da na biyu duka su sani.

A 1970 wasu samari huɗu daga Barmingam ta Ingila, Black Sabbath, suka buɗe albom ɗinsu na farko da wani tazarar sauti da tsoffin malaman kiɗan Turai suka yi ma laƙabi da shaiɗan cikin kiɗa. A lokacin ya tayar ma mutane da tsigar jiki. Yau duk yaron da ya fara koyon metal yana kaɗa shi a makon farko, ba wanda ke ɗaga gira. Sai ga Gorguts, ƴan Kebek ta Kanada. Kamfanin Roadrunner ya sallame su bayan albom ɗinsu na 1993, kuma waƙoƙin da suka tsara bayan haka sun daɗe a ajiye, sai a 1998 suka fito da sunan Obscura. Gitocin ciki kuka suke yi, suna ƙara kamar ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Da yawa cikin masoyan metal ɗin kansu sun ce wannan hauka ne. Yanzu kuwa albom ɗin ya zama makaranta, ƙungiyoyi da dama sun taso a kan sawunsa.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na Opeth, ƴan Sitokholm ta Suwidin. Shekaru da yawa jagoransu Mikael Åkerfeldt yana haɗa gurnanin maƙogwaro da tattausar murya, masoyansa suna taƙama cewa su ne masu jure abin da wasu ba su iya ji. A 2011 suka fitar da Heritage, babu gurnani ko ɗaya a ciki. Sai ga masu taƙamar nan sun tada jijiyar wuya, wai an ci amanarsu. Ka ji fa! Mutanen da ke zagin wasu da rashin haƙurin sauraro, ranar da aka ba su abin da ba su zata ba, su ma suka cire abin kunne. Kaushin ya riga ya zama tuwonsu na kullum, laushin ne ya zame musu baƙo. Hausawa suka ce sabo turken wawa. To, kunne ma yana da turkensa, kuma na biyun nan ɗaure yake kamar na farko, wurin da aka kafa turken ne kawai ya bambanta.

Masu bincike ma sun taɓo wannan. A 2016 mujallar Nature ta buga wani nazari da aka yi a kan Tsimane, wata al'umma a dajin Boliviya da ba ta cika jin kiɗan Turawa ba. An kunna musu sautukan da Bature ke kira masu jituwa da waɗanda yake kira masu karo, ba su fifita wani bisa wani ba. Mu ma shaida ne. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, in algaita da kakaki suka tashi tare, baƙon da bai saba ba hayaniya zai ji. Mu kuwa sarauta muke ji, har gashin jiki ya miƙe.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa duk karon sauti gwaninta ne. Akwai makaɗan da ke cusa shi don a ce sun iya, kamar ɗalibin da ke zuba manyan kalmomin Faransanci a jarrabawa alhali bai da abin faɗa. Ni ma'aunina guda ne: wane aiki wurin yake yi a cikin waƙar? Voivod sun taso a Jonquière, garin wata ƙatuwar masana'antar alminiyam a Kebek, kuma waƙoƙinsu na shekarun 1980 a kan yaƙin nukiliya da injuna suke. Mai gitarsu Denis D'Amour, wanda ya rasu a 2005, ya zaɓi sautuka masu karo ne don duniyar da suke ba da labarinta ba ta da jituwa. Da ya kaɗa abu mai zaƙi a kan wannan zance, da ya yi ƙarya. Haka a Blackwater Park na Opeth, na 2001: bayan an gama niƙa ka da nauyi, in gita mai sanyi ta shigo, daɗinta ninki biyu ne. Duk mai cin goro ya san sirrin: ɗacin da ka tauna shi ke sa ruwan da ka kurɓa daga baya ya yi zaƙi.

Shi ya sa nake girmama na ukun nan mai cewa a mayar masa baya. Bai yi alkawarin zai so abin ba. Ɗaya daga cikin irinsu ya saurari wuri guda na Obscura har sau huɗu, sannan ya miƙo mini salula ya ce: "Na gane abin da suke nufi, amma ba na so." Wallahi hukuncinsa ya fi mini na mai gyaɗa kai daraja, don shi ya ji kafin ya yanke.

Ƴan uwa ɗalibai, mu da ke rubutu a wannan ɗan littafi za mu gamu da duka ukun. Ranar da ɗayanmu ya rubuta abin da ke da ɗaci, wani zai jefar tun shafin farko, wani zai yaba ba tare da ya karanta ba don a ce shi wayayye ne. Kada na farko ya karya mana gwiwa, kada kuma na biyu ya kumbura mana kai. Mu nemi mai cewa a mayar masa baya kaɗan, mu kuma tabbatar in ya koma ɗin, zai tarar da dalilin da ya sa muka saka ɗacin a wurin.