Almaty: Garin tuffa da darasin ajiye ta

Uwargida, duk lokacin da kika tsaya a gaban mai tiren tuffa a Legas ko Abuja kina cinikin guda uku, wataƙila kin ɗauka asalinta daga Afirka ta Kudu ne ko Turai, tun da daga can ake shigo mana da yawancinta. To asalinta ya fi nan nisa. Yau bari mu leƙa Almaty, birni mafi girma a Kazakistan, wanda shi ne hedikwatar ƙasar har zuwa 1997.

Sunan garin ma yana ɗauke da labarin, domin "alma" a harshen mutanen ƙasar na nufin tuffa. Idan kika juya kudu daga tsakiyar birni, tsaunukan Tiyan Shan ne za su tare miki ido, kawunansu fari fat da ƙanƙara. A gindin waɗannan tsaunuka akwai dazuzzukan tuffar jeji, wadda ba wanda ya shuka ta. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya ziyarci yankin a 1929, ya ce nan ne mahaifar tuffa. Binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2010 ya gaskata shi. Abin takaici, gine-gine da noma sun cinye babban ɓangare na dazuzzukan, har itacen ya shiga jerin waɗanda ake fargabar ɓacewarsu.

Daga nan sai ki gangaro Kasuwar Kore da ke tsakiyar gari, ba nisa da babban masallaci. Za ki tarar da layin naman doki, da masu sayar da dunƙulen busasshen cuku mai gishiri da suke kira kurt. Amma layin da zai riƙe ki shi ne na busassun 'ya'yan itatuwa: zabibi kala-kala da yankakkiyar tuffa an tara su tuli-tuli. Dalilin ba boyayye ba ne. Tuffa na nuna ne a ƙarshen damina irin tasu, sannan sanyi mai ƙanƙara ya rufe ƙasa na watanni. Sai su yanka ta, su shanya, su adana. Da sanyi ya kama, a tafasa ta da ruwa a yi abin sha mai suna kompot.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinki. Ita ce ta busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da kakanninmu ke shanyawa da hunturu. Matsalar ita ce, wadda ke zaune a Legas ko Fatakwal ba ta da wannan busasshiyar iska. Ki shanya tuffa a can, kafin ta bushe fumfuna ta riga ki. Nan ne na'urar busar da abinci ke da amfani: akwati ne mai faranti hawa-hawa, da fanka mai hura iska mai ɗumi.

Ki wanke tuffar, ki cire ƙwallon tsakiya, ki yanka ta fale-fale kamar kaurin milimita 6. Ki yi ƙoƙari yankan ya zo daidai, in ba haka ba wani zai bushe wani na da ruwa. Ki jiƙa na 'yan mintuna a ruwan da kika matse lemun tsami a ciki, don kada ta yi baƙi. Ki tsane, ki jera a faranti ba tare da wani ya hau kan wani ba. Ki sa zafin na'urar wajen digiri 57 zuwa 60. Aikin kan ɗauki awa 6 zuwa 12, don haka ki fara a ranar da kike sa ran wuta za ta zauna. Idan aka ɗauke wuta kuma ba janareta, ki sa yankan a firji maimakon ki bar shi cikin ɗumi da danshi.

Ta bushe idan kika lanƙwasa ta kamar fata, kika yaga ba ki ga ruwa ba. Ki bari ta huce, ki zuba a kwalba mai murfi, kina girgizawa kullum har mako guda. Da kin ga raɓa a jikin kwalbar, ki mayar da ita na'ura. Wadda ta yi fumfuna kuwa, zubarwa ake yi.

Sai dai a kula. Fiye da kashi 80 cikin 100 na tuffa ruwa ne. Ruwan ne ya tafi, sukarin na nan daram, shi ya sa ɗan abin da ya cika tafin hannu zai iya kai tuffa guda ko fiye. Mai ciwon sukari ya ci da lissafi. Zafi yana rage bitamin C, don haka ba ta maye gurbin ɗanya. Tana kuma manne wa haƙora, yara su kurkure baki bayan sun ci, ƙananan da ba su iya tauna sosai ba kuma kada a ba su, gudun shaƙewa.

Duk da haka, ta fi alewa da biskit a jakar makarantar yaro. Ki fara gwadawa da guda huɗu ko biyar. Idan ta yi, sai ki juya kan mangwaro da abarba lokacin da suka yi arha a kasuwa.