Sunan Gari da Harafi Mai Lanƙwasa

Ni da abokai biyu muna gina wani ƙaramin rumbun kayan aiki da masu ƙera manhajar wayar salula za su riƙa ɗiba idan suna buƙatar taswira. A buɗe muka bar shi: kowa na iya duba cikinsa, ya gyara, ya ƙara, ba tare da ya biya ko sisi ba. Bayanan wurare kuwa daga OpenStreetMap muke ɗebo su, wato taswirar duniyar nan da Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004, wadda ƴan sa-kai ke cikawa har yau.

Lissafi bai ba mu wahala ba. Magabata sun gama shi: daga tsakiyar duniya zuwa bayanta kimanin kilomita 6,371 ne, darajar latitud ɗaya kuma kusan kilomita 111 ce. Tarko ɗaya ne sananne. Mutane sun saba faɗin latitud kafin longitud, tsarin GeoJSON kuwa longitud yake fara sakawa. Duk wanda ya juya lambobin Maraɗi, wato 13.5 arewa da 7.1 gabas, sai ya tsinci garin a Kamaru, daf da Ngaundare.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin neman suna. Taswira ta ce Zinder, mai babur ya ce Damagaram. Ta ce Niamey, mu ce Yamai. OpenStreetMap ta tanadi gurbi mai alamar name:ha domin sunan Hausa, amma sai an sami mai rubutawa gurbin ke cika.

Ko da an cika shi, da sauran rina a kaba. Mai waya yakan rubuta "Maradi" ne, domin allon rubutunsa ba shi da ɗ. A Faransanci abin da sauƙi, tunda tsarin Unicode yana iya raba é gida biyu, harafi da alamarsa, a yar da alamar a nemi saura. Haruffanmu huɗu, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa rabuwa haka. Kowanne harafi ne mai cin gashin kansa. Dole muka rubuta jadawalinmu da hannu, muka kuma koya masa cewa ƴ ta Nijar ita ce 'y ta Najeriya.

A nan muka yi gardama mai tsawo. Ɗaya daga cikinmu ya ce a share lanƙwasar gaba ɗaya a huta. Ban yarda ba, domin ɗalibin Hausa ya san kafa ba ƙafa ba ce, daidai kuma ba ɗaiɗai ba ce. Muka tsaya a kan cewa a sassauta wajen nema, a tsananta wajen nunawa: mutum ya rubuta yadda wayarsa ta ba shi dama, amsa ta fito masa da cikakkiyar ƙa'ida. Yanzu sunayen unguwanni muke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma mun fara da na Birnin Damagaram.