Taurarin da Suke Numfashi

Ido yana ɗaukar tauraro abu ne tsayayye, amma a cikin gungun taurarin da ranarmu take ciki akwai dubbai da suke kumbura su saɓe, haskensu ya ƙaru ya ragu bisa ƙa'ida. Tauraron Delta Cephei, wanda John Goodricke ya gano sauyinsa a 1784, yana kammala numfashi ɗaya cikin kwana biyar da 'yan sa'o'i. Na Mira yana ɗaukar kusan kwana 332, na RR Lyrae kuwa bai kai sa'a 14 ba.

Dalilin yana can ciki. Akwai wani shimfiɗi na iskar hiliyam: idan tauraro ya matse, sai ta yi zafi ta toshe wa haske hanya, zafin ya taru ya tura jikin tauraron waje. Da ya faɗaɗa sai ta huce, haske ya samu mafita, nauyi ya sake jawo komai ciki.

Abin da ya fi kama mini hankali shi ne numfashin ba salo ɗaya ba ne. Tsirkiyar goge tana iya kaɗawa gaba ɗayanta, tana kuma iya rabuwa biyu, tsakiya ta tsaya cik, murya ta yi sama. Haka tauraro: wani yana kumbura gaba ɗaya, wani kuwa wajensa na fita cikinsa na shiga, numfashin ya fi gajarta. Masana da dama suna sanya Polaris, tauraron da matafiya ke gane arewa da shi, a wannan salo na biyu. Akwai kuma wanda wani gefensa ke tasowa wani na lotsawa, kamar fatar ganga. Ranarmu ma tana irin wannan rawar, kusan duk minti biyar.

A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa a dangin Delta Cephei, mai dogon numfashi ya fi haske. Wanda ya san ainihin hasken fitila zai iya auna nisanta daga dishinta. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya tabbatar da cewa Andromeda tana wajen gungunmu.

Mai sayen tukunya takan ƙwanƙwasa ta, ta saurara, ta gane ko da tsaga. Babu ɗan Adam da zai taɓa leƙa cikin tauraro, amma salon kaɗawarsa yana faɗin nauyinsa da shekarunsa. Shi ya sa nake girmama waɗanda suka kwana suna rubuta hasken tauraro ɗaya, dare bayan dare, kafin su ce sun san shi.