Ɗan Akwatinmu Mai Wat 15

Mu uku muka haɗa kuɗi muka saye shi, shi ya sa har yau babu wanda ya isa ya buga ƙirji ya ce nasa ne. Ɗan amfilifaya ne na jita, baƙi, girmansa bai wuce na kwalin sabulu ba. Sifika guda gare shi mai inci 8, da mamurɗai biyar a goshi, da mariƙi a ka wanda ya tsinke tun kafin ya zo hannunmu, wani ya ɗaure shi da igiyar takalmi. A bayansa an rubuta wat 15. Gwanjo ne. A Sabon Garin Kano muka same shi, cikin wani shago da aka cusa tsofaffin rediyoyi da sifikoki har rufi. Sunan kamfanin da ya ƙera shi ma ya ɓantare, sai ramukan ƙusa biyu suka rage a wurin.

A garinmu fiyano ne sarki. Waƙoƙin da ake ji a biki da fim kusan duk da shi ake haɗa su a situdiyo, jita kuwa sai a coci ko wurin ƴan kiɗan otal. Mu ta wayar hannu ta kama mu. Wani Ba'abzine mai gadi a layinmu ne ya tura mana waƙoƙi ta Bluetooth, na Tinariwen da Bombino, daga baya muka gano Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Muka ce in mutum ya fara da wayar birki, mu da ke kusa da kasuwa ba mu da uzuri. Babbanmu ya sayi jita mai lantarki, shi ma ta gwanjo. Autanmu na da wata mai kogo da ke amo da kanta. Na ukunmu ɗan gado ne, kalangu ya tashi ya tarar a gidansu. Ita jita mai lantarki in ba a jona ta da amfilifaya ba, ƙararta ba ta fi ta sauro ba, don haka ya zama dole.

Ranar da muka saye shi mai shagon ya nuna mana rubutun da ke baya, ya ce wannan ɗan Amurka ne, wutar bolt 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce, ya haɗa mana da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Mun riƙe maganar sati uku cur. A sati na huɗu autanmu ya zo da zumuɗi, ya sa adafta ya soka shi kai tsaye a bango. Wani ɗan ƙara muka ji, kamar an fasa gyaɗa, sai ƙauri. Babu wanda ya yi magana. Muka naɗe shi a zani kamar majinyaci muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Allah Ya taimake mu, fiyus ne ya ƙone da wani ɗan ƙaramin abu guda a kan allon ciki. Da ya gama ɗiga dalmarsa, sai ya ɗauko salatif ya naɗe filogin tare da taransifomar tamau, yadda ba za su ƙara rabuwa ba.

"Ku samari hankalinku ba ya zama wuri ɗaya," in ji shi, "gara na ɗaura musu aure."

A shagon babbanmu da ke ƙofar gidansu muke gwaji. Mahaifinsa bai hana ba, amma ya gindaya sharaɗi.

"Ku yi abinku. Amma in na ji shi ana kiran salla, ko bayan Isha'i, a kwata za ku tsince shi."

Muka ce, "To, Baba, in Allah Ya yarda ba za ka ji ba."

Abin da ya cece mu shi ne ɗan ramin da ake soka abin sauraro na kunne. Da ka soka, sifikar ta yi shiru, kiɗan ya koma kanka kai kaɗai. Da wannan ramin babbanmu ya yi dare da yawa yana maimaita jimla ɗaya har yatsunsa suka yi kanta, gidan na barci. In za a tambaye mu wane abu ne ya fi amfani a jikin akwatin nan, wannan ramin za mu nuna, ba sifikar ba.

Halinsa muka koya a hankali. Yana da gurnani, wani zuzu na ƙasa-ƙasa da ba ya barinsa ko ba a taɓa tsirkiya ba. Da farko mun ɗauka lalacewa ce. Ashe maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar ne ke tsinto motsin wutar gidan, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi kuma akwatin ya ƙara masa murya. Irin wannan zuzu ne ya sa kamfanin Gibson ya fito da maganaɗisu mai tagwayen naɗi a jitocinsa a 1957, don ɗaya ya kashe gurnanin ɗaya. Jitarmu ba irin wannan ba ce. Muka gano in mai kiɗa ya juya jikinsa ya ba soket baya, ko aka kashe fanka, zuzun na raguwa. Wani abin dariya, amon zuzun ya kusa da na G, don haka in muna waƙa a wannan sautin sai ya zama kamar mutum na huɗu da ke mana amshi. In janareta ne kuwa, yana hawa yana sauka yadda injin ke numfashi.

Da hunturu ƙura kan shiga mamurɗan, ka taɓa su su yi ƙarar yagewar takarda. Ramin da ake soka wayar jita kuma kan yi sako-sako duk bayan ƴan watanni. Waɗannan ƙananan abubuwa ne.

A cikin shago, mamurɗin ƙara bai taɓa wuce lamba 3 ba, amma tagar ƙarfe har rawa take yi. Wannan ne ya yaudare mu. Muka ɗauka zaki muke kiwo a ɗaki.

Bikin ƙanwar wani abokinmu ne aikinmu na farko. Shi ya matsa, ya ce a ba mu minti ashirin kafin mai saka kiɗa ya karɓa. Fili ne aka kafa rumfuna, mutane sun cika shi maƙil, mata sun sha kwalliya, yara na ta guje-guje, janareta na ta aikinsa a gefe. Muka ajiye akwatin a ƙasa gaban ƙafar babbanmu, muka fara. Mai kalangu ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba a gidan biki, da bugu uku ya binne jitar. Babbanmu ya murɗa zuwa 6, ya murɗa zuwa 8, ya kai ƙarshe. Ƙarar ba ta ƙaru ba, sai dai ta yage, ta koma kamar kukan akuya a cikin buhu. Mu da ke tsaye a kansa ma da ƙyar muke jin sa. Muna kallon sahu na uku suna hirarsu, ba su ma san an fara ba. Wata tsohuwa ta matso, ta dubi yatsun babbanmu na ta gudu a kan tsirkiya, ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ku kunna?"

Ba mu kai minti ashirin ɗin ba. A Adaidaita Sahu da za mu koma, akwatin na kan cinyar autanmu, babu wanda ya kalle shi.

Sati biyu ba mu yi gwaji ba. Da muka haɗu, rigima ta tashi. Babbanmu, wanda kunyar ta fi faɗa wa, ya ce a sayar a cika kuɗi a sayo mai wat 30 da ya gani. Autanmu ya ce shi bai da abin da zai ƙara, kuɗin makaranta na gabansa, kuma kasonsa ba na sayarwa ba ne. Mai kalangu ya ce shi dama an ja shi cikin abin da ba nasa ba, a ba shi kuɗinsa. Maganar ta bar kan akwati ta koma kan wa ya fi sa kuɗi, wa ya ƙona shi a farko, wa ke kwana da shi. Abota ce tun ta makarantar allo, sai ga ta tana neman tsinkewa a kan kwalin sabulu.

Muka ɗauke shi muka koma wurin dattijon nan don ya yi mana kuɗinsa, a raba. Ya saurari labarin bikin har ƙarshe yana goge bakin ƙarfen dalmarsa.

"A ina kuka ajiye shi?"

"A ƙasa, Malam."

"To, ƙwaurin mutane kuka yi wa kiɗa. Kunne a ƙwauri yake?"

Daga nan ya shiga yi mana karatu, wanda daga baya muka bincika muka tarar haka yake. Kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, abin da zai ƙaru desibel 3 ne kacal, za ka ji bambanci amma ɗan kaɗan. Kafin kunne ya yarda ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Wato mai wat 30 ɗin da muke shirin ɓata zumunci a kansa, da mun kai shi filin nan, da tsohuwar ta sake tambayarmu yaushe za mu kunna. A ɗaki bango ne ke dawo da sauti, shi ya sa lamba 3 ke girgiza taga. A fili babu mai dawo da shi, duk ninka tazara sai ya ragu da kusan desibel 6, ga jikin mutane da manyan riguna na shanye siririn amon da ke sa a gane jita. Sifika kuma kamar tocila take, inda ta fuskanta nan siririn amon ke zuwa.

"Ɗan Maraya Jos," in ji shi, "da me ya cika manyan zauruka? Kuntigi, tsirkiya ɗaya. Makirufo aka sa masa. Ku ɗora wannan a kujera, ku roƙi mai saka kiɗa ya ara muku makirufo ɗaya ku kafa a bakin sifikar, manyan sifikokinsa su yi dakon. Shi wannan aikinsa ya ba da murya, ba ya yi ihu ba."

Kuɗin da ya yi wa akwatin kuma bai kai rabin abin da muka saye shi ba. Da aka raba uku a baki, kason kowa ya zama abin dariya, har mai kalangu ya fara murmushi. Muka ɗauko abinmu muka dawo.

Ba za mu ce duk laifin namu ne ba. Akwai abin da ba zai taɓa iyawa ba. Sifika mai inci 8 ba ta da ƙirji, in aka bugi tsirkiya mai kauri da ƙarfi sai ta yi tari. Maɓallin da ke sa sauti ya yi kaushi irin na ƴan Agadez, a nasa jikin ƙudan zuma yake fitarwa, mun daina taɓa shi. Mun kuma san ƙanƙanta ba ita ce ta hana shi daɗi ba, tunda Fender Champ mai wat 5 ne, kuma da irinsa Eric Clapton ya ɗauki Layla a 1970. Sai dai shi wancan mai kwalaben gilashi ne irin na tsofaffin rediyoyi, in aka matsa masa muryarsa daɗi take ƙarawa. Namu na taransisto ne mai araha, in aka matsa masa zagi yake yi. Iyakarsa lamba 6, mun sa ɗigon farin fenti a wurin.

Aiki na biyu wani zaman marubuta ne a farfajiyar wani gidan abinci, mutum kamar arba'in a kan tabarmi da kujerun roba. Muka ɗora shi a kujera, muka sa littafi a ƙarƙashin gabansa ya ɗan ɗaga kai. Ba mu ma nemi makirufo ba. Aikin da ya fi wuya na mai kalangu ne. Mutumin da aka raina a kan cewa kiɗa sai an ji shi a unguwa ta gaba, ga shi an ce ya sassauta hannu ya bar wa jita hanya. Ya yi fushi a gwaji, ya ce wannan ba kiɗa ba ne, raɗa ce. Amma a daren nan ya riƙe hannunsa, ya koma matsa tsarkiyar kalangun da hammata yana lanƙwasa muryarsa, abin da hayaniyar biki ba ta barin a ji. Wurin ya yi tsit. Muna tsakiyar waƙa ta uku aka ɗauke wuta, akwatin ya mutu, autanmu ya ci gaba da jitarsa mai kogo a cikin duhu har aka tada inji. Da zuzun ya dawo, mutane suka yi tafi, ba mu san ko mu aka yi wa ko wutar ba.

Tun daga ranar muke maganar sayen mai batir, irin Roland Micro Cube da ke aiki da ƙananan batura shida. Magana ce kawai har yanzu. Mun yi biki biyu bayan nan, duka da makirufo a bakin sifika, kuma mun koyi zuwa da wuri mu gaisa da mai saka kiɗa, mu saya masa lemo, don a hannunsa muryarmu take.

Bana babbanmu ya samu aiki a Abuja. Tsohuwar tambayar ta dawo, wa zai riƙe akwatin. Jitar tasa ce, akwatin na mu uku ne, ɗaya ba ta amo sai da ɗaya. Mun zauna a shagon har aka kira Magariba ba mu yanke ba. Da muka dawo daga masallaci, sai ya zare jitar daga jakarta ya jingina ta da akwatin, ya ce wa autanmu ɗakin da zai kama a can na haya ne, bangonsa ba kauri, ba zai iya da maƙwabta ba. Dukanmu mun san da ramin abin sauraro na kunne. Babu wanda ya tuna masa.

Yanzu akwatin na ɗakin autanmu, an rufe shi da tsohon ɗankwali saboda ƙura. Ramin wayar ya sake yin sako-sako, sai an tokare shi da ashana. Ranar Asabar muna da suna a Gwammaja, kuma dattijon ya ce mu kawo shi kafin Alhamis, don ranar Juma'a ba ya buɗe shago.